An tura hasumiya mai tan 4,830 don gudun teku: har yanzu ita ce ta tarihi?

Sadauki_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata hasumiyar fitilar jiragen ruwa a Cape Hatteras, cikin jihar North Carolina ta Amurka, wadda aka fara kunna ta a watan Disamba na 1870. Da jan bulo aka gina ta, tsayinta mita 60, kuma duk Amurka babu hasumiyar fitila ta bulo da ta kai ta tsawo. Sa'ad da aka gina ta, tazarar ƙafa 1,500 ce tsakaninta da ruwa. Teku ya yi ta cin gaɓa har tazarar ta dawo ƙafa 120 kacal. A 1999 sai hukuma ta raba ta da mazauninta, ta matsar da ita ƙafa 2,900, aikin da ya lashe dala miliyan 11.8. A 2023 kuma aka sake ba da kwangilar gyaranta a kan dala miliyan 19.2.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, ginin tarihi da ƙasar da yake kai ai abu ɗaya ne. Wurin nan aka zaɓa, a nan magina suka zuba guminsu, a nan masu tsaron fitila suka kwana ido biyu shekara da shekaru. Da zarar an ɗauke ta, ni a ganina ta zama kayan kallo kawai. Na biyu, a zamanin da kowane jirgi yake da GPS, me ya sa za a ci gaba da narka kuɗi a kan fitila? Ina neman ra'ayin masana.

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam. Ni tun daga farko ma kaina ya ɗaure. Rushe ta suka yi suka kwashe bulon suka sake ginawa, ko yaya? Don ban ga yadda za a ɗauki gini mai tsawon mita 60 ba.

Injiniya_Samaru:
Hajiya, ba a sauke jikinta ba. A tsaye ta tafi, ɗungurungum.

Ga yadda aka yi. Da farko sun haƙe kewayen gindinta, suka riƙa yanka duwatsun harsashi da zarton waya mai haƙoran lu'ulu'u. Duk inda suka cire dutse sai su tokare gurbin da ƙarfe, har ya zamana ginin gaba ɗaya yana zaune a kan ƙarafa. Sannan suka zura manyan ƙarafan ɗaukar nauyi a ƙarƙashi, suka jera jak 100, wato na'urorin ɗaga nauyi, masu aiki da mai, suka ɗaga ta kimanin ƙafa 6.

Wurin da hikimar take shi ne yadda aka raba jak ɗin nan gida 3, kowane gida mansa a haɗe yake. Ku tuna duwatsun murhu: tukunya a kan dutse uku ba ta girgiɗi ko da ƙasa ba daidai take ba. Idan wani ɓangaren yashi ya ɗan lotsa, jak ɗin gidan za su daidaita junansu, ginin ba zai ji a jikinsa ba. Daga nan aka shimfiɗa faifan ƙarfe a kan yashi, aka ɗora dogo, wasu jak ɗin daban suna tunkuɗa ta ƙafa 5 a kowane tashi. In ta wuce, sai a kwashe dogon baya a kai gaba. An liƙa mata na'urori 60 suna auna karkata da girgiza da nauyi. Ta tashi ranar 17 ga Yuni, ta sauka ranar 9 ga Yuli, kwana 23 ke nan. Kamfanin International Chimney da na Expert House Movers ne suka yi aikin.

Wani abin da ke burge ni: sabulun wanka, Ivory, suka riƙa gogawa a kan dogon don ya yi santsi.

Ummu_Haidar:
Ikon Allah! Sabulu kuma. Na gode Injiniya, yanzu na gane.

Bahago_Tudun_Wada:
Aiki ya yi kyau, babu musu. Amma Injiniya bai amsa tambayar Malam Sadauki ba. Iya ɗauka daban, dacewar ɗauka daban. Kuma ba Sadauki kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, mutanen yankin da yawa sun ƙi yarda a lokacin. Ƙaramar hukumar Dare, inda hasumiyar take, da wasu masu filaye har kotu suka je don a hana, kotu ce ba ta ba su gaskiya ba. Su so suka yi a ƙara gina shinge a cikin ruwa a bar ta inda kakanninsu suka san ta. Wanda ya tashi yana ganin haskenta ta tagar ɗakinsa yana da hakkin a saurare shi.

Matuƙi_Apapa:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu, don nan ne fagena. Aikin jirgin dakon kaya nake yi.

Malam Sadauki, GPS alheri ne, amma duk wanda ya yi gadin dare a ɗakin tuƙi ya san na'ura tana iya yin ƙarya. Wuta tana ɗaukewa, eriya tana lalacewa, akwai kuma yankunan da ake toshe siginar da gangan ko a aiko maka da ta bogi. An koya mana kada mu dogara da hanya ɗaya wajen sanin inda muke. In ka hango fitila, sai ka ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin walƙiya da walƙiya, ka duba taswira, nan take ka san ko wacce ce. Ta Hatteras, kafin a fara gyaran nan, takan walƙa duk bayan daƙiƙa 7 da rabi. Ka ɗauki kusurwarta da kamfas, ka ja layi a taswira, ka gwada da abin da allo ke nuna maka. In sun saɓa, to ka tashi tsaye.

Zanen jikinta ma ba ado ba ne. Baƙi da farin nan da suka nannaɗe ta tun 1873 alama ce ta rana. Maƙwabciyarta ta Bodie Island zanenta a kwance yake, ta Cape Lookout dara-dara ne, ta Currituck kuwa an bar ta da jan bulonta babu fenti. Gaɓar can shimfiɗaɗɗen yashi ne, ba tsauni ba dutse, ko'ina kama ɗaya. Da zanen ne matuƙi yake gane inda ya iso.

Sannan ku san abin da take gargaɗi a kai. A gabanta akwai tudun yashi na ƙarƙashin ruwa, Diamond Shoals, ya miƙa cikin teku fiye da kilomita 15, kuma ba ya zama wuri ɗaya. A wajen ne ruwan ɗumi mai tahowa daga kudu yake karo da ruwan sanyi mai gangarowa daga arewa. Jiragen da suka nutse a yankin sun yi yawan da ake ce masa maƙabartar Atlantika. Har jirgin yaƙin Amurka mai suna Monitor a wajen Hatteras ya nutse, a ƙarshen 1862.

Sadauki_Gwale:
Na gode ranka ya daɗe, bayanin ya gamsar ta fuskar amfanin fitila. Amma in haske ake so, dogon ƙarfe mai fitila a ka zai wadatar, a kan kuɗi kaɗan.

Malama_Tarihi:
An taɓa yin hakan kuwa, Malam. A 1936 ruwa ya iso har gindinta, sai aka kashe fitilarta, aka kafa ta ƙarfe a cikin kurmin Buxton, ƙauyen da hasumiyar take, aka miƙa tsohuwar ga hukumar kula da wuraren tarihi da gandun shaƙatawa ta ƙasar. Shekara 14 tana tsaye a duhu. A wannan tsakanin ne masu tsintar kayan tunawa suka riƙa shiga suna ɓalle gilasan fitilar suna tafiya da su. Da aka tara tudun yashi a gaɓa ruwa ya ɗan ja baya, a 1950 aka dawo mata da haske. Abin da ya rage na tsohon gilashin yana gidan tarihin ƙauyen Hatteras yanzu.

Ina kawo wannan ne don a ga cewa ginin da aka daina amfani da shi ba teku kaɗai ke cin sa ba, hannun mutane ma yana ci.

Kuma kada a manta ita kanta ba ita ce ta farko ba. Akwai wadda aka kunna a 1803, mai tsawon ƙafa 90, matuƙa suna ta ƙorafi cewa haskenta bai isa ba, har aka ƙara mata tsawo zuwa ƙafa 150. Bayan an gama wannan ta yanzu, aka rushe tsohuwar a 1871. Kufanta ya zauna a wurin fiye da shekara 100, sai wata guguwa ta share shi a 1980. Wato ƙasar da Malam Sadauki yake cewa a riƙe, ita kanta tafiya take yi.

Bahago_Tudun_Wada:
Malama, to me ya hana a yi mata ganuwa? Ai a Legas an yi katangar duwatsu a Bar Beach, ruwan da yake malalowa kan titi ya tsaya.

Injiniya_Samaru:
An gwada kare ta, Malam Bahago, ba sau ɗaya ba. An yi shingaye masu shiga cikin ruwa don su tare yashi, an zuba sabon yashi, an jera buhunan yashi. Har shawarar kewaye ta da katangar kankare an kawo. Matsalar ita ce tsibirin da take kai ba dutse ba ne, zirin yashi ne da iska da igiyar ruwa suke turawa yamma a hankali. In ka yi mata katanga, gaɓar hagu da ta dama za su ci gaba da ja baya, wata rana ka wayi gari tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar ruwa. Haka ta faru da hasumiyar Morris Island kusa da birnin Charleston na Amurka, wadda aka gina a 1876 a kan tudu, yau ruwa ne ya kewaye ta ko ta ina.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Maginin da ya jagoranci aikin, Dexter Stetson, da ya haƙa rami ya tarar ba zai iya kafa turaku ba, sai ya shimfiɗa manyan katakai a gicciye a ƙasan ramin, ya ɗora duwatsu a kai. Katakan nan cikin ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa suke a nutse, shi ya sa ba su ruɓe ba tsawon shekarun nan. Da ruwan gishiri ya kutso, ko ruwan daɗin ya janye iska ta same su, shi ke nan. Saboda haka ba sai igiyar ruwa ta doke ta ba, ta ƙasa za ta mutu. Kwamitin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ya duba duk hanyoyin a 1988, ya ce a matsar. Sai da aka ƙara shekara 11 ana jayayya kafin a yi.

Ɗan_Zango_Nima:
Salamu alaikum daga Ankara ta ƙasar Ghana. Maganar nan ta taɓa ni. Mu ma muna da tamu a Jamestown, mai ja da fari, mita 28. Turawan Ingila sun fara gina ta farko a 1871, kusan sa'ar ta Hatteras ke nan, wannan da ke tsaye kuwa ta shekarun 1930 ce. Ita dai tana kan tudu a saman bakin ruwan masunta. Amma ku je garin Keta a nan Ghana ku ga sansanin Fort Prinzenstein, wanda mutanen Denmark suka gina a 1784, inda aka tsare bayi. Teku ya cinye babban ɓangarensa a 1980. Na tsaya a wurin, ɗakuna a buɗe, bango a yanke, abin da ya faɗa ruwa ya tafi ke nan. Da ana iya tura shi baya da ni ne na farkon cewa a tura. Yaya Sadauki, gini a sabon wuri ya fi hoto a littafi.

Bintu_Raleigh:
Ni a jihar North Carolina nake zaune, kuma na hau ta da yarana kafin a rufe ta don gyara. Matakala 257 ce ta ƙarfe, tana murɗawa a jikin bango. Ciki akwai zafi da danshi, kana jin takun na sama da kai yana amsa kuwwa har ƙasa. Daɓen ƙofar shiga na marmara ne, baƙi da fari. Da muka fito barandar sama iska ta kusa fizge mini mayafi, sai da na riƙe da hannu biyu. Daga can kana ganin hanyar da aka share mata a cikin daji, miƙaƙƙiya har bakin ruwa, ka ga inda take a da. In ka ga kusancin wurin da kumfar teku, gabanka sai ya faɗi.

Amma zan ba Malam Sadauki gaskiyarsa a abu ɗaya. Yanzu in kana gindinta bishiyoyi ne kewaye da kai, ba ka jin fesin gishiri a fuska. Akwai abin da aka rasa, ban yarda a ce babu ba.

Sun dai yi ƙoƙarin rage asarar. Gidajen masu tsaron fitilar da ɗakin ajiyar mai duk an kwaso su, an ajiye kowanne a daidai yadda yake fuskantar hasumiyar a da. Kuma da aka sauke ta a 1999 tazararta da ruwa ƙafa 1,600 ce, kusan yadda take a 1870. Duwatsun tsohon harsashin kuwa an sassaƙa sunayen masu tsaron a kansu. Da farko an jera su da'ira a tsohon wurin, guguwa ta yi ta binne su da yashi, dole aka kwaso su zuwa kusa da ita.

Sadauki_Gwale:
Hajiya Bintu, Allah ya saka da alheri. Abin da kika faɗa na bishiyoyi shi ne ainihin abin da nake nufi.

Malama_Tarihi:
Ni kuma abin da na ɗauka a maganar Hajiya shi ne ƙafa 1,600 ɗin nan. Waɗanda suka gina ta ba a bakin kumfa suka ajiye ta ba, nesa da ruwa suka kafa ta da gangan. Hoton da mutane suka saba da shi, tana tsaye igiyar ruwa na dukan ƙafarta, hoton hatsari ne, ba yadda aka nufa ba ne. Ana iya cewa matsarwar ta mayar da ita tsarinta na asali.

Kuma ku tuna Abu Simbel a Masar. Daga 1964 zuwa 1968 aka yayyanka gine-ginen Fir'auna Ramsis na biyu, aka hau da su mita 65 sama don kada ruwan madatsar Aswan ya shanye su. Wannan ma yanka aka yi, ba turawa ba. Yau wa ke cewa ba Abu Simbel ba ne?

Gwani_Magini:
Ni magini ne, ilimin boko nawa kaɗan ne, amma bari in sa baki a kan kuɗin gyara da ake ganin ya yi yawa. Gini a bakin teku maƙiyinsa gishiri ne. Ƙarfen da aka binne cikin bulo in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga bulon daga ciki. Fenti kuma in aka yi ta ɗora wani kan wani shekara da shekaru, sai ya hana bango numfashi, danshi ya maƙale a ciki. Dole a kankare, a ƙwaƙule tsohon kwaɓin da ya mutu tsakanin bulo, a cusa sabo. Kuma ba kowane kwaɓi ba. In ka sa siminti mai ƙarfi a tsakanin tsohon bulo mai laushi, bulon ne zai farfashe, simintin ya tsaya. Sai an nemi kwaɓi mai farar ƙasa wanda ya dace da na da. Ku lissafa wannan aiki a jikin gini mai bulo sama da miliyan ɗaya, ma'aikaci yana kan sikafol mita 50 a sama, iska tana kaɗawa. Ba aikin ɗan kwangilar sauri ba ne.

Aghali_Agadez:
Gwani ya yi gaskiya. Hasumiyar babban masallacinmu ta laka ce, mita 27, asalinta tun 1515, aka sake gina ta a 1844. Itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakan masu yaɓe. Lakar da kake gani a waje yau ba ita ce ta zamanin kakanni ba, an sabunta ta sau da yawa, amma ba wanda ya taɓa ce mana ba ita ba ce. Sai dai ita ba ta taɓa barin wurinta ba, don haka ban ce misalin ya warware tambayar Malam Sadauki ba.

Ummu_Haidar:
Tambaya kuma. Tunda an ce an wawashe gilasan, me ke ba da haske yanzu?

Injiniya_Samaru:
Daga 1950 har zuwa lokacin gyaran nan, fitilar lantarki mai juyawa irin ta filin jirgin sama aka yi amfani da ita. Cikin gyaran nan akwai ƙera kwafin tsohon gilashin, a sa masa fitilar LED a ciki. Irin gilashin nan wani Bafaranshe ne, Augustin Fresnel, ya ƙirƙiro shi, aka fara ɗora shi a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823. Zobba ne na gilashi masu kusurwa, jere bisa jere, suna tattara hasken da zai watse sama da ƙasa su harba shi miƙe zuwa teku. Da shi ne 'yar fitilar mai take kaiwa kusan mil 20. A da nauyi ake ratayawa yana saukowa a hankali ta tsakiyar hasumiyar, shi ke juya gilashin, mai tsaro ya riƙa naɗe shi yana mayarwa sama. Man fitilar ma a hannu ake hawa da shi matakalar nan da Hajiya Bintu ta ƙirga.

Bahago_Tudun_Wada:
To kun ji. Wuri sabo, harsashi sabo na kankare, gilashi kwafi, fitila ta zamani. Saura me? A nan ina tare da Sadauki. Kuma akwai abin da ya fi damuna. Daga 2020 zuwa yanzu gidaje da dama sun rufta cikin teku a Rodanthe, a tsibirin nan dai. Hanyar mota guda ɗaya da ke shiga yankin kan yanke in an yi guguwa. An ceci hasumiya, mutanen fa?

Bintu_Raleigh:
Malam Bahago, yawancin gidajen da suka faɗa na haya ne ga masu zuwa hutu, babu kowa a ciki lokacin. Kuma mutanen garin da baƙi suke ci, masu otal, masu gidan abinci, masu kai mutane kamun kifi. Hasumiyar tana cikin abin da ke kawo baƙin. Ban ga an zaɓe ta an bar su ba.

Matuƙi_Apapa:
A kan "saura me", saura bulo fiye da miliyan da hannun magina ya jera daga 1868 zuwa 1870, da matakalar, da zanen da matuƙa suka sani. A taswira an gyara lambobin wurinta kawai, matsarwar ba ta taɓa sunanta da walƙiyarta ba. Sannan ku duba lokaci: ta sauka a Yuli, ƙarshen Agusta guguwar Dennis ta zo ta yi kwanaki tana dukan gaɓar nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta Cape Henlopen a jihar Delaware ta Amurka an yi ta jinkiri har ta kife a 1926. Ta Orfordness a Ingila, ta 1792, da hannu aka rushe ta a 2020 don ruwa ya riga ya iso. Mutanen Denmark kuwa sun tura tasu ta Rubjerg Knude mita 70 a 2019, tana nan a tsaye.

Sadauki_Gwale:
Na karanta duka, kuma na ƙaru ƙwarai, musamman da maganar katakan ƙarƙashin ƙasa. Na yarda barinta a wurin yana nufin rasa ta. Inda har yanzu nake tsaye shi ne, a riƙa gaya wa mai ziyara gaskiya ƙarara cewa nan ba mazauninta ba ne, kada sabon wurin ya shafe tsohon a zukatan yara masu tasowa. Kuma tekun bai daina tahowa ba. In ya sake cin ƙafa 1,600 ɗin, jikoki su sake turawa? Har zuwa ina, tunda tsibirin kansa siriri ne?

Injiniya_Samaru:
In aka bi saurin da ya ci na farko, an sayi kimanin shekara 100 ne, in kuma hawan ruwan teku ya ƙaru, ƙasa da haka. Buxton na daga cikin wuraren da tsibirin ya fi faɗi, akwai sauran fili a bayanta. Ta fuskar aiki za a iya maimaitawa, tunda yanzu a kan faifan kankare take zaune mai faɗin ƙafa 60 kowane gefe, ba a kan katako ba.

Gwani_Magini:
Injiniya, faifan nan kaurinsa nawa ne? Kuma kai tsaye aka ɗora ta a kansa ko an yi wani gini a tsakani?

Injiniya_Samaru:
Ƙafa 4 ne, Gwani, da rodi a ciki. A kansa aka tayar da bulo ƙafa 5 har ya tarar da gindinta, ana ginawa ana zare ƙarafan tokare ɗaya bayan ɗaya.